Wankan Yamma Nawa Ne

Yaya,

Na tafi wajen likita, kina barci ban tashe ki ba.

Ki yi haƙuri da abin da na yi jiya. Da kika miƙo mini jaririn na ce hannuna a jiƙe yake, ƙarya na yi. Tunanin nan ne ya sake faɗo mini, wai zan sake shi ya faɗi a kan siminti. Sai ga maƙwabciya ta karɓe shi da hannu ɗaya tana amsa waya, har da ce masa "ɗan gidana". Yaushe ma ta san shi? Ni da na ɗinka masa riguna tun yana ciki, ina raɓe a bakin ƙofa kamar baƙuwa. Abin da ya hana ni cin abinci ke nan.

Tun wancan zuwan likita ta ce tunani ba niyya ba ne, gudun yaron da nake yi ne ke ƙara wa abin ƙarfi. Kar ki kira maƙwabciya wankan yamma. Ni zan riƙe shi, ke ki zuba ruwa. In na tambaye ki ko na ji masa ciwo, kar ki amsa mini, ko da na yi kuka, don likita ta ce amsar ma ƙara wa tunanin ƙarfi take yi.

Ƙanwarki