Igiyar Tsoho Kasai

Zuwa ga Malama Setoguchi, mai filin ba da shawara a jarida,

Ki taimake ni da shawara, don na kai matsayin da ko waya ta yi ƙara a gidan nan sai gabana ya faɗi. Shekarata hamsin da biyu, ina zaune a wani ƙaramin gari a Miyazaki, kuma damuwata ta gado ce. Wasu gona suke gada, ni tsofaffi na gada.

Surukina, mahaifin mijina Norio, sojan laima ne lokacin yaƙin duniya na biyu. Sau ɗaya tak shi da 'yan rundunarsa suka dira daga jirgin sama, a kan wata matatar mai a Sumatra, amma yau shekara hamsin da wani abu ba su gama sauka ba. A cikin jirgi a jere suke tsayawa, kowa ya maƙala ƙugiyar igiyar laimarsa a sama. Tunda ba mai ganin bayansa, na baya ne ke duba igiyar na gaba, in ta yi daidai ya dafa masa kafaɗa. Waɗanda suka dawo da rai sai suka ci gaba da wannan jerin. Farkon kowane wata kowa zai kira wanda ke gabansa a jirgi ya ce, "Igiya lafiya?" In mutum ya mutu ba a tsuke layi, iyalinsa ne ke tsayawa a gurbinsa.

Da Baba, surukin nawa, ya rasu, ranar addu'ar kwana arba'in da tara sai ga tsofaffi uku da hulunan soja da asu ya gama ci. Suka zaunar da Norio gaban hoton mamaci, suka miƙa masa ƙugiyar Baba a kan farin yadi. Malama, da kin ga mijina ranar. Ya kafa goshi a tabarma, hawaye shaɓe-shaɓe, wai ko zai mutu ba zai saki igiyar nan ba. Mutumin da ko tsani ba ya hawa, ni ke canza mana ƙwan lantarki. Wata na kamawa ya ce, "Ke kin fi ni iya hira da tsofaffi, ɗan kira min na yau kawai." Wannan yau ɗin ce ta shekara biyu.

Na gabanmu shi ne tsoho Kasai, can Aomori, shi kaɗai a gida tun da matarsa ta rasu. Kunne ya tafi, ga maganarsu ta mutanen arewa kamar an cika baki da shinkafa mai zafi. Sai na yi ihu maƙwabta sun ji kafin ya gane igiya nake tambaya. Daga nan sai hawan jini, sai gwiwa, sai karen maƙwabcinsa, har miyata ta ƙone. Kowace kaka ya aiko da kwalin tuffa, ni kuma dole in rama da lemon garinmu, ya yi godiya, in yi godiyar godiya. Duk wannan bai taɓa tambayar sunana ba. "Amaryar gidan Nagatomo" yake ce min, da sunan gidan su mijina, ni da nake da jika.

Na bayanmu kuma Kofur Hidaka ne, wanda har gobe kofur ne, ba a sallame shi ba. Yana kira zai ce, "Ba ni maigidan." Maigidan na miƙe gaban talabijin yana kaɗa min hannu wai ba ya nan. Sai ya ce, "To ke, an duba na gaba?" In ce an duba. Ya kashe, ko sannu.

Abin da ya ƙure ni taronsu na bana ne a wani masauki da ake zuwa wanka a maɓuɓɓugar ruwan zafi. Maza suka zauna a jeren jirgi, mu mata muna rarrafe muna zuba giyar shinkafa, suna ta waƙoƙin da ba wanda ke tuna baiti na biyu. Hidaka ya miƙe da sanda ya nuna Norio ya ce, "Ga ɗa na halak, bai taɓa fashin wata ɗaya ba." Norio ya sunkuyar da kai, wai nauyin mahaifi ba a kuka da shi. Wannan da zan haɗiye, na saba. Amma Kasai, wanda ya san muryar da ke tashinsa daga gyangyaɗi kowane wata, ya tafa har da ɗaga kofi, sannan ya miƙo min kofin in cika, ko fuskata bai duba ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi kuka a banɗakin masaukin.

Muna dawowa na ce wa Norio na ajiye. Ya ce, "Haba, abin faɗa ne? Zan kira." Bai kira ba, ni ma ban kira ba, yau wata uku. Hidaka kuwa yana ta kira, ni kuma ina ta cewa an duba. Da farko don haushi, yanzu ban san don me ba. Bana tuffa ba ta zo ba. A labarai na ga dusar ƙanƙara ta rufe garinsu, kuma na san halinsa, da kansa yake hawa rufin gida ya share, wai wanda ya diro daga sama ba ya tsoron rufi. In ciwon gwiwarsa ya motsa kuma ba ya fita karɓo magani.

In na kira, sun ci ni da yaƙi ke nan, Norio zai ci gaba da shan yabo a kwance. In ban kira ba, ba na iya barci. Yaya zan yi?

Mai riƙon igiyar wasu,
Miyazaki

Zuwa ga mai riƙon igiyar wasu,

Bari in fara da mijinki, don ba zai ci mana lokaci ba. Namijin da ya yi kuka ya karɓi amana, ya miƙa wa matarsa aikin ya riƙe tafin, ba laima yake buƙata ba, kunya yake buƙata. Tsofaffin ma ban wanke su ba. Sun tsallaka teku sun dira a ƙasar mutane, amma ɗaga ido su dubi matar da ke cika musu kofi ya gagare su. Yayana ya tafi yaƙin nan bai dawo ba, saboda haka ba ni ce zan ce ki so waƙoƙinsu ba. Fushinki yana kan hanya, kuma kina da iko ki ajiye wannan aiki ko gobe.

Sai dai ba ajiyewa kika yi ba. Wanda ya ajiye yakan ce na ajiye, a samo wani. Ke kuwa kin dafa kafaɗa ba ki duba igiya ba, sau uku. Duk shirmen da ke cikin al'adar mutanen nan, abu ɗaya ne a cikinta mai hankali: in aka ji shiru, wani zai tashi ya bincika. Kalmarki ta "an duba" ita ta hana kowa tashi. Norio kika so ki hukunta, shi kuwa ga shi can yana kallon talabijin. Wanda hukuncin ya faɗa wa dattijo ne da ke zaune shi kaɗai cikin ƙanƙara.

Kuma ki daina yaudarar kanki da cewa ba ki damu da shi ba. Kin san gwiwarsa, kin san maganinsa, kin san rufinsa. Da yabon Hidaka ne kaɗai, da ba ki shiga banɗaki kin yi kuka ba.

Ga abin yi. Ki kira Kasai yau. In bai ɗauka ba, ki kira ofishin garinsu su tura wani ya leƙa, sannan ki gaya wa Hidaka gaskiya, ki bar shi ya yi faɗansa na kofur. Bayan haka ki ɗauko ƙugiyar Baba ki ajiye gaban Norio. Ko dai shi ya riƙa kira, ko kuma ya faɗa wa tsofaffin da bakinsa wace ce ke kira, a taro mai zuwa ke ki zauna a jere shi ya zuba giya. In ya ƙi duka biyun, ki naɗe ta a farin yadinta ki mayar wa Hidaka, su tsuke layinsu. Ba ki da laifi a kowanne.

In Kasai ya ɗauka, kafin ki tambayi igiya ki faɗa masa sunanki da ƙarfi, yadda kurma zai ji, ki kuma faɗa masa abin da ya yi miki a masauki. Ina miki fatan ki same shi da rai har ya samu damar jin kunya. Ki ajiye jaridar nan haka, ki ɗauki waya.

Setoguchi