Kujerar Halinka

Kraków, ranar Talata

Zuwa ga maigidana Tadek,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da gwiwarka da karenka. Ina fata kana shayar da tumatir ɗin da na bar maka amana, kuma ba ka koma cin abinci a tsaye a bakin tukunya ba. Ni na iso gidan Danuta, 'yar yayana, lafiya. Na san za ka ce mene ne na wasiƙa ga waya. To ai kai ne in an kira ka sai ka yi ta "Iye? Me kika ce?" har maƙwabta su ji, abin kunnen naka kuwa yana kwance a durowa.

Yaya Ignacy ya rame, amma yana cin abinci. Bai gane ni ba, Tadek. Da na shiga ya miƙe, ya cire hular nan tasa ta ma'aikatan jirgin ruwa, ya ce, "Sannu da zuwa, baiwar Allah. Ke ce sabuwar nas?" Ni da muka fito ciki ɗaya. Na yi dariya don kada Danuta ta ga fuskata, amma abin ya soke ni, har yanzu ina jin sa a ƙirji. Sunan 'yarsa ma wani lokacin sai ya laluba. Abu ɗaya ne bai ɓace masa ba, Trieste, garin nan na bakin teku a Italiya. Zai lissafa maka irin kifin da ya riƙa dafa wa matuƙa a can, da launin ruwan tekun da safe, sai ka ce jiya ya sauka.

Danuta ta gama shirin kai shi gidan kula da tsofaffi da zarar lokacin kaka ya shigo. Ban ga laifinta ba, yarinyar ta gaji. Amma tafiyar nan da zan yi da shi zuwa Trieste ba ta so. Ta ce, "Gwaggo, jiya fa a bakin titi aka tsinto mini shi da silifas. In ya ɓace miki a ƙasar da ba ya jin yarensu fa?" Na ce mata ni na yi renon 'ya'ya huɗu da miji ɗaya, ba wanda ya ɓace. Na yi mata alkawari zan kai shi ya ga tekunsa, in dawo mata da shi hannu da hannu. Na ɗinke kati mai lambar wayata a cikin aljihun kwat ɗinsa.

Yanzu ga abin da ya ɓata mini rai yau. Tikitin nan na ƙasashe da ɗanmu ya saya mana, wanda ya yi ta kurantawa wai da shi sai ka shiga kowane jirgin ƙasa daga nan har bakin duniya, ashe shiga kawai yake ba ka. Wurin zama daban ake kama shi. Na yi layi a tasha har ƙafata ta yi tsami, sai yarinyar da ke bayan gilashi ta ce jirgin Vienna na gobe ya cika, watan hutu ne, kowa da jakarsa a baya. Kujeru biyu suka rage, ɗaya a wannan tarago, ɗaya a na gaba da shi. Na ce mata yayana ba shi da lafiya. Ta ce in roƙi wani a ciki mu yi musaya. Na karɓa, me zan yi?

A zamaninmu ina aka san wannan? Ka tuna na ba ka labarin yadda Mama take sa mu a jirgi mu biyu, mu tafi hutu ƙauye wurin kaka. Jirgin bai gama tsayawa ba Ignacy ya haye ta taga kamar kyanwa, ya kama wuri, ya ɗora hularsa a kujerar kusa da shi. Duk ƙaton da ya zo sai ya ce masa da mai ita. Ni kuma in shigo ta ƙofa da kwandon abinci, ina 'yar shekara biyar, in zauna kamar sarauniya. Yau kuwa sai wata 'yar takarda ce za ta gaya mini inda zan zauna.

Na dafa ƙwai, na yanka burodi da cuku, na zuba shayi a filas. Zama ya gagare ni, na buɗe jaka na rufe ya fi a ƙirga. Ka gaida maƙwabta, ban da wadda ka sani.

Matarka,
Halina

*

Cikin jirgin Budapest, ranar Laraba

Tadek nawa,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, a kan akwati nake zaune a bakin ƙofar tarago, jirgi yana jijjiga ni. Kada ka yi mamakin ganin Budapest a sama. Ignacy ya ɓace mini.

Kafin takardar nan ta iso ka, komai ya riga ya faru, mai daɗi ko akasinsa. Ina rubutawa ne don in na bar hannuna haka zan yi ihu a cikin mutane.

Da muka shiga jirgi a Kraków na zaunar da shi a kujerarsa, na roƙi mutumin da ke gefensa mu yi musaya. Ko kallona bai yi ba, ya nuna mini lambar da ke saman kansa ya ce, "Tun watan jiya na kama ta, saboda taga." Na roƙi wasu biyu, kowa ya nuna mini lambarsa. Sai na tsaya a kansa a hanyar wucewa, masu jaka suna ta buge ni, muka bar ƙasarmu muka shiga ta Cek ina tsaye. Zafi ya dame shi, ya cire kwat ya miƙa mini. Na karɓa na rataya a hannu, ban ko tuna da katin ba. Ga shi nan a cinyata yanzu.

Da ƙafafuna suka kumbura, shi kuma barci ya ɗauke shi, sai na ce bari in je tawa kujerar in ɗan huta. Na zauna, na ji jirgin ya tsaya a Břeclav ya daɗe, na ji wani ƙara da girgiza, ban kawo komai a raina ba. Da muka tashi na koma duba shi. Kujera wayam. Mai tagar nan ya ce, "Tsohon? Ya tashi tuni, ya yi baya."

Na bi baya. Tarago ɗaya, na biyu, ina leƙa kowane banɗaki, ina kiran sunansa. Sai na iso wata ƙofa a kulle. Da safe akwai taragai a bayanta, na gan su da idona. Yanzu ba komai sai layin dogo yana gudu. Mai duba tikiti ya ce ai a Břeclav ake raba jirgin, gaba ya yi Vienna, baya ya yi Budapest, an ma sanar da harsuna uku. Na ce masa da harsuna goma ma aka sanar, yayana ba ya jin ko ɗaya.

A Vienna na zazzage wa ma'aikatan tasha ɗan Jamusancin da nake da shi. Sun yi kirki, sun buga waya Břeclav, an duba dandamali ba a gan shi ba. Sun buga wa ɗaya rabin jirgin, aka ce za a duba. Wani ma'aikaci ya tambaye ni kamanninsa. Na ce tsoho ne mai furfura da hula. Ya waiwaya ya dubi tashar, ni ma na duba, rabin mutanen wurin tsofaffi ne masu furfura. Ignacy ba shi da tikiti, yana jakata. Ba shi da waya, ba shi da ko sisi. Jirgin kuma zai tsaya a garuruwan Sulobakiya kafin ya shiga Hungary, kowace tasha ƙofa za ta buɗe.

Suka ce in zauna in jira labari. Ka san ni da jira. Ko in koma Břeclav, ko in bi shi Budapest. Na tuna yadda yake cewa ma'aikacin kirki ba ya sauka sai jirgi ya kai tashar ƙarshe, na riƙe wannan don ba ni da wani abin riƙewa. Nan dai tikitin ɗanka ya yi rana, na nuna shi na faɗa jirgin farko, ba kujera, ban kuma nema ba.

Danuta ta kira sau biyu, ban ɗauka ba. Me zan ce mata? Tsoro nake ji, Tadek, irin wanda ban taɓa ji ba. Duk tashar da muka wuce sai na manna fuska a gilashi. Ka yi mana addu'a, ko da ta zo a makare.

Taka,
Halina

*

Budapest, ranar Alhamis

Zuwa ga maigidana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ka kwantar da hankalinka. An same shi. Yana nan gabana a masauki yana ɓare ƙwai, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Zan sa wasiƙun nan biyu a ambulan ɗaya don kada ta jiya ta kashe mini kai.

Jiya ina sauka na tarar da wani ma'aikaci riƙe da kwali an rubuta Halinka. Sunana ne na yarinta, rabon da a kira ni haka tun rasuwar Mama. Ya kai ni wani ɗan ofis. Ga Ignacy zaune a kan benci, ga wata mata 'yar Sulobakiya tsaye kusa da shi, sunanta Jarmila. Yarensu da namu ba su da nisa, ita ta ba ni labari.

A Bratislava ta shiga, da takardar kujerarta a hannu, ta tarar da hula a kan kujerar, wani tsoho a ta kusa. Ta ce, "Baba, ɗauke hularka, wurina ne." Ya ce da mai shi. Ta nuna masa lamba, ya ce ta kai wa wanda ya rubuta. Ta ce ranta ya ɓaci, tun asuba take kan ƙafa, ta ɗaga murya, shi ma ya ɗaga, har da zagin matuƙan jirgin ruwa. Hayaniyar ce ta jawo mai duba tikiti, wanda dama an ce masa ya nemi wani tsoho. Aka tambaye shi wane ne mai wurin. Ya ce, "Ƙanwata Halinka. Ƙarama ce, ta ƙofa za ta shigo, ita ke ɗauke da kwando. Mama ta ce kada in bari ta tsaya."

Ashe abin da ya tashe shi ke nan, Tadek. Ya farka ya ga baƙo a gefensa, ya bi jirgin yana neman kujeru biyu a jere. Bai sauka a ko'ina ba saboda yana gadin wurina.

Jarmila ta ce daga nan ta haƙura da kujerar. Ta tsaya a hanya har Budapest da takardarta a aljihu, duk wanda ya nufo hular ita ke korarsa. Da aka iso ya kafe ba zai sauka ba, sai da ta ce masa yarinyar tana ciki tana jira. Ta fasa abin da ya kawo ta, ta zauna da shi. Na rasa da bakin da zan gode mata, na cusa mata sauran burodi da cuku, ta karɓa muna ta kuka kamar wasu sakarkaru.

Sai na juya wurinsa. Hular tana kan bencin a gefensa. Na nufi wurin zan zauna. Ya sa hannu ya tare, cikin ladabi, ya ce, "Yi haƙuri, baiwar Allah, da mai shi."

Na tsaya. Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Duk kwanakin nan ina cewa ya manta da ni, ashe bai manta ba, tsohuwar nan ce kawai bai sani ba. Na ce masa ba komai, zan tsaya. Ya dube ni ya ce, "Kin san ta ne?" Na ce na san ta sosai. Ya ce, "To in kin gan ta ki ce kada ta ji tsoro, na kama mata wuri."

Na kira Danuta na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta wanke ni tas, kuma ta yi daidai. Ta ce mu kamo hanyar gida nan take. Sai na ba ta labarin hular. Can ta ce, "Gwaggo, ku je ya ga tekun. Amma ki ɗaure shi a jikinki."

Yau da safe na koma tasha, hannunsa cikin nawa, katin kuma na rataya masa a wuya. Na ce wa mai sayar da tikiti ba zan shiga kowane jirgi ba sai mai kujeru a jere, ko da zan yi mako a garin nan. Ya samo mana na jibi mai zuwa Trieste, ta garin Ljubljana, irin mai ƙananan ɗakuna, kujeru uku na kallon uku. Na tambaye shi ko ana raba wannan a hanya, na sa ya rubuta mini amsar. Sannan na ce kujeru uku nake so. Ya dube mu ya ce, "Ku biyu nake gani. Ina na ukun?" Na ce yarinya ce, tana tafe.

Kada ka yi mini mita a kan kuɗin. Shi zai zauna a taga, ni a bakin ƙofa inda ba mai fita sai ya tsallake ƙafata, hular kuma a tsakiya. Ka ci gaba da shayar da tumatir, ka sa abin kunnenka ranar Lahadi, zan kira ka daga bakin teku.

Ni ce taka har kullum,
Halinka