Fuskarka a Bayan Kwali

Assalamu alaikum, Baban Yagana.

Gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Amma shekara goma sha ɗaya ina ba ka labari kana jinjina kai, bakina bai saba da shiru ba tukuna.

Muna nan Manawashi, a ɗakin da ka bar mu. Har yanzu sai an caje jaka a ƙofar kasuwa, shi ya sa ba na barin Yagana ta yi nisa, daga makaranta sai tsakar gida. Ta shiga aji uku, haƙoranta biyu sun fita. Na samu koyarwa a wata ƙaramar firamare a Dawaki. Maman Bulus, maƙwabciyarmu, tana tara mana kwalayen sabulu daga shagonta kamar yadda ka roƙe ta, ba ta fasa ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ka tuna yadda kake zube wa yarinyar nan kwali da gawayi, ka koma kan aikinka na kafinta, ko kallonta ba ka yi? In ta zana akuya mai ƙafa shida, sai ka tambaye ta ina akuyar za ta da sauri haka. Wallahi haushi nake ji. Ina malamar makaranta, a ce 'yata ba ta san ƙafar akuya ba? Da ka fita sai in zaunar da ita, in kama hannunta in gyara. Har da jan biro, Malam. Kai kana tsammanin ita ce ta ƙware. Ka yafe mini.

Bayan rasuwarka ta daina zane gaba ɗaya. In na miƙa mata fensir sai ta ja layi ɗaya, ta kalli fuskata, ta goge. Nan na gane abin da na yi. Ashe ba zane na koya mata ba, tsoron kuskure na koya mata. Wata takwas kwalaye na taruwa a bayan ƙofa. Na rasa dabara, sai na yi irin taka: in ajiye mata kayan a tabarma, in juya baya in kama tsintar shinkafa. Kai, juya bayan nan da wuya! Wuyana har ciwo yake don son leƙe.

Ranar Asabar da hantsi ta zo ta tsaya a gabana da kwali. Kai ta zana, da hula da zarto a hannu, amma wurin fuska fili ne. Ta ce ta manta kamanninka, in ƙarasa mata. Ka san hotunanmu duk sun tsaya can gida Borno ranar da muka gudo. Na karɓi fensirin, hannuna ya riga ya shirya. Sai na tsaya. Wace fuska zan sa? Ni ma in na rufe ido, ta asibiti kawai nake gani, wadda ta rame, ta yi shiru. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye maka ba.

Na mayar mata da fensirin. Na ce ta zana yadda ta ga dama, ni zan riƙa ba ta labarinka. Na faɗa mata wushiryarka, da yadda kake saƙale fensir a kunne ka yi ta nemansa, da waƙar da kake yi kana fere katako, wadda ba ta da kai ba ta da gindi. Ban leƙa ba ko sau ɗaya.

Da ta gama ta nuna mini. Malam, zanen ko kusa bai yi kama da kai ba. Kunnuwan kamar faifai, ido ɗaya ya fi ɗaya. Amma bakin ya tashi daga kunne zuwa kunne, haƙora duk a waje. Dariya kake yi. Wata takwas ina neman dariyar nan a cikin kaina na rasa, ashe tana wurin yarinya. Na yi kuka, ita kuwa ta ɗauko wani kwalin.

Sai mun zo. Allah ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

Taka har kullum,
Maman Yagana