Ƙarar Motar Yaya

Daren Laraba, Kura

Yau dai na canza wa motar marigayi Yaya Habu linkej, ƙarafan da ke hana ta rangaji a kwana. Tsohuwar motar tsere ce mai ƙofa biyu, amma da ita yake bin bakin kanal zuwa gonar tumatir. Tun yana raye take ƙwanƙwasa, sai ya ɗaure da roba kawai.

Na dawo daga gareji ko ƙwas ba ta yi. Na shiga gaida Inna ina murna.

Ta ce, "Ban ji isowarka ba. Ina ƙarar?"

Na ce an gyara.

Ta ce, "Da ita nake jin kamar yayanka ne ya dawo."

Tsofaffin ƙarafan suna cikin but. Na kasa jefar da su.