Baturen da Bai Zo Cin Akuya Ba

Tumpat, Kelantan
14 ga Janairu

Zuwa ga ɗana Rosdi a Sheffield,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da matarka Norizan da jikata Aina, ya kuma kare ku daga sanyin nan da ka ce har ɓargo yake shiga. Mu nan lafiya lau, ban da gwiwata ta hagu da ta yi ritaya ba tare da ta sanar da ni ba. Ambaliyar bana ta hau har matakala ta uku sannan ta ja da baya. Gwaggonka Mak Su Yah ta warke daga tari, bakinta ya koma bakin aiki, Allah ya ba maƙwabta haƙuri. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san a aji huɗu na yi sallama da makaranta, kuma malamin ya fi ni murna.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar fim ɗin da yayarka Hasnah ta shekara biyu tana ɗauka a kan mahaifiyarku da randunanta na budu, miyar nan ta kifin da ake tsimawa da gishiri, fim ɗin da Allah bai nufa marigayiyar ta ga ƙarshensa ba. Watan jiya Hasnah ta bugo daga Kuala Lumpur tana murna, wai wani gidan talabijin na Turai ya karɓa, amma da sharaɗin a sa mai ba da labari da Turanci, namiji, ɗan Ingila, mai irin muryar da in ya ce kifi sai ka zaci sunan minista ya ambata. Ta ce ta saurari mutum goma sha ɗaya kafin ta ɗauki wani Mista Penhale, kuma za ta zo ranar Juma'a in ga aikin, in sa hannu a takardar amincewa tunda ni ne mijin marigayiya.

Ban tambaye ta ko mutumin zai zo ba, don a wurina ba abin tambaya ba ne. Ka san garinmu. Duk wanda zai buɗe baki a kan mamacinka, liman ne ko mai karatun Yasin, sai ya hau matakalar gidanka ya ci shinkafarka, ka raka shi ya ga inda mutumin yake kwance. Sai na ɗaura ɗamara. Na gyara katakon nan da ke lilo tun kana yaro, na aro doguwar katifa don an ce su Turawa ƙafa gare su, na gayyaci liman da rabin unguwa. Na sayi akuya, na kwana huɗu ina gwada Turancina a kanta, kuma ban ga alamar ta raina ni ba. Sannan, Rosdi, na buɗe randar ƙarshe da mahaifiyarku ta zuba wa kifi da gishiri ta rufe da hannunta. Wata tara ina kewaya randar nan ban taɓa murfin ba. Na ce wanda zai gaya wa duniya ko ita wace ce, ai shi ya kamata ya ɗanɗana.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga Hasnah ita kaɗai da jaka a kafaɗa. Ina ta leƙa bayanta ko Baturen ya tsaya ɗaukar hoton kwakwa. Da ta ga tabarmi da tukwane da mutane, sai ta dafe baki. Ta ja ni gefe ta ce mutumin ai yana can ƙasarku, a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin benen gidansa da ya lulluɓe da barguna ya karanta abin da ta rubuta masa cikin kwana biyu, ya turo ta waya. Bai taɓa taka ƙasar nan ba, ba kuma haka ake aikin ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Aka dai ci akuya. Maƙwabcinmu Pak Leh ya ce shekararsa saba'in bai taɓa ganin an yanka wa rediyo dabba ba sai a gidana, aka yi ta dariya, ni ma na taya su, har na fi kowa ƙarfin murya. Budun nan kuwa aka yi ta yabo, aka suɗe kwanuka.

Bayan la'asar da mutane suka watse Hasnah ta kunna mini fim ɗin. Ba zan ci haƙƙin mutumin ba, Allah ya ba shi maƙogwaro. Ni da Turancina ya ƙare a kan akuya, sai da na gyara zama. Amma duk inda mahaifiyarku ta soma magana, kalma uku za a bari a ji, sai a rage ta, shi ya hau sama. Akwai wurin da take juya kifi da gishiri, na gifta ta bayanta da randa a kafaɗa, ta ce wannan mijin nata a shekara arba'in da ɗaya ɗauka da ci kawai ya koya, sannan ta fashe da dariyar nan tata har tana share ido da bakin mayafi. Ina wurin ranar, na san me ta ce. A daidai nan Baturen ke bayani, in ji Hasnah, cewa matan wannan gaɓar sun gaji sana'ar kaka da kakanni. Dariyar na can ƙarƙashinsa kamar ana yin ta a gidan maƙwabta an rufe taga.

Ban san lokacin da na ce mata, “Kin binne uwarki sau biyu, na biyun ma baƙo kika ɗauko ya zuba ƙasar.” Ta ajiye takardar a kan tabarma, ta sumbaci hannuna kamar kullum, ta bi jirgin ƙasa na yamma ko shinkafar ba ta ci ba. Magana zarar bunu ce. Yarinyar da ta riƙa kwana a kujerar asibiti, ita ta yi wa uwarta wanka, ita na gaya wa haka. Yau kwana tara ke nan ba ta ɗaga wayata ba. Gwaggonka ta ce da akuyar aka bari ni aka yanka da an fi riba, ban yi mata musu ba.

Takardar dole ta isa kafin ƙarshen wata, in ba haka ba gidan talabijin zai ɗauki fim ɗin wasu. Jiya na sa hannu na kai gidan waya. Na tuna mahaifiyarku da bakinta ta ce tana so Aina ta girma ta ga abin da kakarta ke yi, kuma Aina Turanci take ji, ba maganar Kelantan ba. Ashe ma ba don ni aka yi fim ɗin ba.

To ga aikinka. Kai tana ɗaga wayarka. Ka gaya mata na sa hannu ba da wani sharaɗi ba. Roƙo ɗaya gare ni, in zai yiwu: a wurin dariyar nan mutumin ya ɗan yi shiru. Na auna, ba ta kai tsawon Ƙulhuwallahu ba. Na san abin dariya ne a ɗauki mutum don ya yi magana sannan a roƙe shi ya kama bakinsa, amma ubanku ya saba zama abin dariya. In kuma masu talabijin ba su yarda ba, shi ke nan, a bar shi yadda yake. Ka ce mata tsohon nan ya yi ɓarin baki, ya sani, kuma ba sai ta ce ta yafe ba, ta dai ɗaga ko faɗa ne ta yi mini. Muryar uwarku na rasa, kada in haɗa da tata.

Ka gaida Norizan, ka sumbatar mini Aina a goshi. Mak Su Yah da Pak Leh da liman Haji Daud duk suna gaishe ku. Ku riƙa sa mahaifiyarku a addu'a bayan kowace salla. Allah ya yi muku albarka.

Ni ne mahaifinka mai ɗauka da ci,
Wan Deraman bin Wan Sulong