Yumɓu a Kwalbar Sjoukje

Holwerd, 3 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Sjoukje,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, na rubuto ne kan maganar da kika ƙi saurara ranar jana'izar mijinki Harm. Shekara arba'in kina fama da yashin lardin Drenthe saboda shi. Yanzu ba ya nan, ke kuma kin kai saba'in. Ki sayar da gidan, ki dawo ƙasar yumɓu inda aka haife ki. Ɗakin Mama yana nan a share.

Kin ce takin da kuka zuba ya mai da lambunki ƙasar kirki. To, mu gwada yadda Baba yake yi kafin ya sayi gona: ƙasa rabin kwalba, ruwa, ɗan sabulu, a girgiza a ajiye kwana biyu. Idan yumɓun da zai kwanta a sama ya kai kaurin babban yatsa, na yi shiru har abada. In bai kai ba, ki haɗa kaya.

Ki huta lafiya.
Yayanki, Wiebe

Gasselte, 10 ga Maris

Yaya Wiebe,

Ina gaisuwa. Ya gwiwa? Bakin dai na ga lafiyarsa ƙalau.

Na yi gwajinka. Ban gama ajiye kwalbar a taga ba yashi ya kwanta a gindinta, ya cinye kusan duka. Maƙwabciyata Geesje ta leƙo, da ta ji labari sai ta ce in kankaro yumɓu daga tsohuwar tukunyar fure in ƙara, wa zai sani? Na ce mata ban taɓa yi wa ƙasar nan ƙarya ba, ba kuma zan fara saboda tsoho mai taurin kai ba.

Kwana biyu na jira ruwan ya washe. Yumɓun bai kai kaurin farce ba. Ka ci nasara, Yaya. Raina ya ɓaci, har na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Amma ba inda za ni. Kai ka kafa sharaɗin, kai ka amsa wa kanka. Yashin nan da kuke rainawa shi ya ciyar da 'ya'yana uku. Jiya ma na shuka karas.

Taka, Sjoukje

Holwerd, 21 ga Maris

Sjoukje,

Gaisuwa da fatan alheri. Na daɗe ban ba ki amsa ba don kunya.

Ni ma na cika kwalba daga gonar Baba. Yumɓu har yatsa uku, gwanin sha'awa. Sai dai kwalba ba ta nuna gishiri. Ruwan teku yana tsattsafowa ta ƙarƙashin madatsar da ke tare shi, shekara uku ke nan dankali yana fitowa kamar ƙwan tantabara. Ɗana Douwe ya haƙura da noma, ya koma birni tun kaka. Tun rasuwar matata Aukje ni kaɗai nake cin abinci, a tsaye, a bakin murhu.

Ba lambunki ne ya kasa ba. Ni ne ba na son zama ni kaɗai a gidan nan. Kada ki faɗa wa Geesje.

Yayanki, Wiebe

Gasselte, 24 ga Maris

Yayana,

Na gaishe ka, kuma na ji haushinka. Da ka faɗi haka tun farko, da ban kwana biyu ina hararar kwalba ba. Yaushe kaɗaicin ya kai haka ba ka gaya mini ba?

Har yanzu ba zan zo ba. Kai za ka zo. Ɗakin baya yana samun rana, kuma yashi ba ya riƙe takalmin mai ciwon gwiwa. Na faɗa wa Geesje. Ta ce, "Ya zo mana, mu ga ko mutumin yumɓu ya iya riƙe cebur ko baki ne kawai."

Allah ya kawo ka lafiya.
Sjoukje

Holwerd, 28 ga Maris

Sjoukje,

Ina gaisuwa. Babu wani a zuriyarmu da ya taɓa mutuwa a kan yashi, ba kuma da ni za a fara ba. Mako biyu kawai zan yi.

Ina tafe ranar Asabar da jirgin ƙasa na rana. Ki bar mini kunya huɗu a lambu ta gefen kudu, zan zo da irin dankalin Baba. A nan ba zai ƙara fitowa ba.

Sai mun haɗu.
Wiebe