Talotalo Sun Shiga Tsakanin Maigidana da 'Yarmu

Anti, don Allah ki taimake ni, gidana ya rabu biyu.

Kiwon talotalo ne sana'ar maigidana, da shi muka yi wa yaranmu karatu. Tun bara wata cuta ta addabe mu. Sai tsuntsu ya fara girma, gwiwa ta kumbura, ya kama ɗingishi, ya kwanta gefen mazubin ruwa har ya mutu. Maganin da muke zuba musu a ruwa ya daina ci.

Babbar 'yarmu ta gama karatun likitan dabbobi. Ta kai gawa biyu ɗakin gwaji, ta ce ƙwayar cuta ce, stafilo-wani-abu, bakina ba ya iya faɗa. Shawararta wai a fesa wa sababbin 'yan tsaki wasu ƙwayoyin bakteriya marasa cutarwa, su riga mugayen kama wuri a jiki. Babanta ya ce ya tura ta koyon kashe ƙwayoyi, ta dawo za ta yi kiwonsu. Ya hana ta shiga keji. Yanzu gaisuwa kawai ke haɗa su. Jiya na iske shi a tsugune yana shafa ƙafar wani talotalo, idonsa ja. Ita kuma tana neman aiki nesa da gida. Ni ban san mai gaskiya ba.

Uwa mai damuwa

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Maganar 'yarku tana da tushe: ɗakin da baƙon kirki ya cika, ɓarawo ba ya samun wurin shimfiɗa tabarma. Amma rigakafi ne, ba zai tayar da wanda ya riga ya kwanta ba, kuma ba ya maye gurbin busasshiyar shimfiɗa da cire duk abin da ke yankar ƙafa.

Shi ma maigida ba taurin kai ne kawai ba. Tsoro ne, guminsa yake gani yana mutuwa.

Ki same shi shi kaɗai. Ki roƙi keji ɗaya don gwaji, babban likita ya sa ido, shi kuma maigida ya zaɓi 'yan tsakin da hannunsa, ya zama alƙali. 'Yarku ta nemi izini da ladabi, ta rage Turanci. Mutumin da ke shafa ƙafar tsuntsu zuciyarsa ba ta bushe ba. Hanyar saukowa yake nema, ku buɗe masa.

Allah ya ba ku lafiyar kiwo da ta gida.